Yadda muka sa 'yarmu a sakandaren gwamnati a gefen birnin Kolombus

Tun da iyalina suka iso Amurka, 'yan uwa daga Najeriya da Nijar da Gana suke kirana suna tambayar yadda aka yi babbar 'yata ta samu aji 11, alhali yara da yawa da suka zo da shekaru irin nata an mayar da su aji 9. Maimakon in yi ta maimaita bayani a waya, na ga gara in rubuta shi dalla-dalla. Abin da zan faɗa ya shafi jihar Ohayo ne, a wata gundumar makarantu da ke gefen birnin Kolombus. Kowace jiha da nata tsarin, har gunduma da gunduma sukan bambanta a ƙananan abubuwa, amma wanda ya gane wannan ba zai sha wuyar sauran ba.

Maganar makaranta ta fara ne tun kafin su hau jirgi, daga neman gida. A nan ba uba ke zaɓar wa ɗansa makarantar gwamnati ba, adireshinsa ne ke zaɓa. Ohayo tana da gundumomin makarantu fiye da 600, kusan kowace da hukumarta da mutanen yankin suka zaɓa da ƙuri'a, kowace da harajinta. Abin da ke rikita baƙo shi ne sunan garin da ke jikin wasiƙarsa ba shi ke nuna gundumarsa ba. Akwai unguwannin da suke cikin birnin Kolombus amma yaransu makarantun bayan gari suke zuwa, saboda wata yarjejeniya da gundumomin suka ƙulla a 1986 bayan birnin ya yi ta haɗiye filayen da ke kewaye da shi. Sai ka ga titi guda, hannun dama wata gunduma, hannun hagu wata. Don haka kafin in sa hannu a takardar haya, na shiga shafin intanet na oditan lardin Franklin, inda Kolombus yake, na rubuta adireshin, ya nuna mini gundumar, sannan na buga wa ofishin rajista waya suka tabbatar. Kuɗin hayar ya ɗara na inda nake zaune a da, kuma na san makarantar nake biya a cikin wannan ƙarin. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in zauna inda nake in ari adireshin ɗan uwansa. Ban karɓa ba, kuma ina roƙon kowa ya guje wa wannan. Gundumomi suna bincike, wasu har gida suke turo mutum. A 2011 an ɗaure wata uwa a Akron, wani birni a Ohayo, na 'yan kwanaki saboda ta sa 'ya'yanta a makaranta da adireshin mahaifinta. Baƙon da ke riƙe da katin zama ba shi da ƙarfin ɗaukar irin wannan shari'a.

Sun sauka a ƙarshen Yuli, makaranta kuma tsakiyar Agusta take buɗewa. Rajistar ba a makarantar ake yin ta ba. Da farko za ka cike fom a intanet, sannan ka zaɓi ranar ganawa a babban ofishin gunduma, kuma a wannan lokaci na shekara ranakun cike suke, sai da muka jira fiye da mako. Ɗakin jiran ya cika da Somaliyawa da mutanen Nefal da masu jin Sifaniyanci, kowa rungume da ambulan ɗinsa. Matar da ta karɓe mu ta nemi shaidar haihuwa, da katin shaidata, da takardar haya, da takardar kuɗin wuta ko gas mai sunana da sabon adireshin, da katin rigakafi, da sakamakon makarantar baya. Ta kuma tambaya ko ni da mahaifiyar yarinyar muna tare, domin in an rabu sai an kawo takardar kotu da ta nuna wanda ke riƙon yaro. A takardar wuta muka maƙale. Sabon gida ne, takardar farko ba ta fito ba, ruwa kuma a cikin kuɗin haya yake. Ta ce ba za ta iya kammalawa ba. Raina ya ɓaci, don na ɗauki hutun rabin yini ba albashi, ga yarinya tana kallona ba ta san me ke faruwa ba. Da na tambaye ta ko akwai wata takardar da za ta tsaya a madadin wannan, sai ta ce kamfanin wuta yana ba da wasiƙar da ke tabbatar da an buɗe wa mutum layi a adireshi kaza. A cikin mota na kira su, suka turo ta imel, muka koma ciki. Da ban tambaya ba, da ba ta faɗa ba, ba kuma don mugunta ba. Amsar abin da aka tambaye su kawai suke bayarwa. Wanda yake zaune a gidan ɗan uwa ba shi da haya da sunansa, akwai fom na rantsuwa da shi da mai gidan za su sa wa hannu a gaban mai hatimin shaida, kuma bankuna da yawa suna buga wa masu ajiya a wurinsu wannan hatimi kyauta.

Sunan mahaifina a takardar haihuwarta ta Hukumar Ƙidaya ya sha bamban da yadda aka rubuta shi a fasfo, harafi biyu. Matar ta ɗauki na fasfo, ta ce mu riƙe shi a ko'ina daga yau. Abu ɗaya da ba a tambaye mu ba shi ne irin bizar da muka shigo da ita. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Texas, cewa ba za a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zaman iyayensa ba. Ina faɗar wannan ne don na san akwai masu ɓoye yara a gida saboda tsoro.

A cikin fom ɗin akwai tambayar harshen da ake yi a gida. Wasu sun ce mini in rubuta Ingilishi kawai, tunda da shi ake koyarwa a Najeriya, don kada a sa ta ajin masu koyon harshe. Na rubuta Hausa, domin ita muke yi. Wannan ya sa aka ba ta ranar gwajin Ingilishi da ake kira OELPS, a kwamfuta, da abin sawa a kunne: karatu, rubutu, saurare da magana. Ta fito tana cewa, "Abba, karatun da rubutun ba komai, amma in suna magana sai in ji kamar suna haɗiye rabin kalmar." Haka sakamakon ya nuna. Aka sa ta a matakin tsakiya, aka ba ta darasi ɗaya a rana da malamar harshe, sauran darussan tare da kowa. Iyaye suna da damar ƙin wannan taimako, amma ko sun ƙi, yaron zai riƙa zana jarrabawar Ingilishi ta OELPA duk shekara har sai ya haye. Ban ga dalilin ƙi ba. Malamar nan ita ta zama mutum na farko a makarantar da ya san 'yata da suna da hali. Wata riba kuma, tunda mun rubuta Hausa, duk ganawar da mahaifiyarta za ta halarta makaranta ce ke nemo tafinta ta waya, ba mu biyan ko sisi.

Rigakafi bai ba mu wuya sosai ba saboda uwargida ta adana takardar allurai da likitan biza ya ba su a Najeriya. Wannan takarda kada a yar da ita, don katin asibitin yarinta na yawancinmu ya daɗe da ɓata ko ya goge. Dokar Ohayo ta ba yaro kwana 14 a makaranta kafin ya kawo shaidar rigakafi, in ya wuce haka a dakatar da shi. Nas ɗin makaranta ta duba ta ce saura allura ta biyu ta ƙarambau, ta kuma tuna mana cewa ana buƙatar ta sanƙarau bayan yaro ya cika 16, kafin aji 12. Muka je asibitin hukumar lafiya ta lardi, inda akwai shirin gwamnatin tarayya na yi wa yaran da ba su da inshora allura kyauta. Gundumarmu tana neman gwajin tarin fuka ga wanda ya zo daga waje. Ku nemi na jini. Yawancin yaranmu an yi musu allurar BCG suna jarirai, ita kuma takan sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cuta alhali babu, daga nan sai hoton ƙirji da ƙarin jira.

Inda aikin yake shi ne ofishin malamar ba da shawara a cikin makarantar kanta. Ginin ya ba 'yata tsoro: dogayen baranda, akwatunan ƙarfe jere a bango, filin wasa da fitilu, ƙofar shiga a kulle sai an duba katinka an buga maka takardar baƙo ka manna a ƙirji. Malamar ta shimfiɗa abin da muka kawo a tebur, katin sakamako na zango biyu na SS1, don na zango na uku bai fito ba lokacin da suka taso. Ta juya su gaba da baya, ta ce da wannan kaɗai sai aji 9. 'Yata ta sunkuyar da kai. Shekararta 16, ƙawayenta a Kano suna shirin shiga SS2. Malamar ta yi mana bayanin da ban taɓa ji ba duk zamana a ƙasar nan. A nan ba shekarun da ka yi a aji ake ƙirgawa ba, kiredit ake tarawa. Jiha ta ɗora aƙalla 20 kafin a ba da shaidar kammalawa, wasu gundumomin suna ƙarawa: huɗu na Ingilishi, huɗu na lissafi har da Aljabara ta biyu ko makamanciyarta, uku na kimiyya, uku na tarihi da zamantakewa, rabi na kiwon lafiya, rabi na motsa jiki, sauran na zaɓi, da rabin kiredit na sanin harkar kuɗi ga waɗanda suka shiga aji 9 daga 2022. Kiredit ɗaya yana nufin awa 120 na darasi, na kimiyya mai ɗakin gwaji 150. Bayan haka akwai jarrabawar jiha a Aljabara ta ɗaya da Ingilishi na biyu, da tambura biyu na jikin shaidar kammalawa da ɗalibi zai samu ta hanyoyi daban-daban. Ta ce ba ta shakkar yarinyar ta yi karatu, amma ba za ta rubuta kiredit a kan abin da ba ta gani a takarda ba.

Da muka zauna muka jera tsarin biyu, abubuwa uku suka fito. Sakandare a nan shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, don haka JSS3 ɗinmu shi ne aji 9, SS1 aji 10. Ke nan sakamakon JSS3 da na BECE suna da daraja, mu kuwa mun bar su a Kano a matsayin tsohon zance. Na biyu, maki. 'Yata tana da 66 a Kimiyyar Sinadarai, wanda a ma'aunin WAEC B3 ne, amma a idon malamar D ne, don a nan yawanci ƙasa da 60 faɗuwa ce. In babu ma'aunin maki a jikin takarda, yaro mai ƙoƙari sai ya zama rago a kwamfutarsu, kuma wannan makin zai bi shi har neman jami'a. Na uku, mu muna koyar da lissafi a dunƙule, muna kuma ɗaukar Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a shekara guda, su kuwa ɗaya bayan ɗaya suke yi. Tana buƙatar sanin sau nawa ake kowane darasi a mako, minti nawa, da abin da aka koyar a ciki. Na roƙe ta ta rubuta mini duk abin da take so a takarda, ta rubuta, ta kuma yarda a sa yarinyar a jadawalin wucin gadi, a ba ta gwajin lissafi, a bar maganar aji a buɗe.

A daren na kira yayana a Kano. Makaranta biyu zai je, don ƙaramar sakandare daban ta yi, babba daban, ga shi ana dogon hutu. A ta farko ya tarar da maigadi kawai. Sai da ya bi ta hannun wani malami a unguwa ya samu lambar jami'in jarrabawa. A ta biyu mataimakin shugaba ya ce ba su saba ba da irin wannan takarda ba sai ga wanda ya gama SS3. Yaya ya kira ni yana gabansa, na yi masa bayani da kaina, na ce Malam, a taimaka, shekara biyu ta rayuwar yarinya ce a kan takardar nan. Allah ya saka masa da alheri, ya zauna ya fitar da sakamakon zango uku, ya sa adadin darasi a mako, ya buga ma'aunin maki a ƙasa, ya haɗa da tsarin aikin lissafi da kimiyya, shugaba ya sa hannu da hatimi. Kuɗin buga takardu da na mota da ɗan abin goro ba su taka kara sun karya ba. Aiko ainihin takardun ta kamfanin saƙo shi ya fi cin kuɗi. Yaya ya ce, "Kai dai ka ce mata ta yi karatu, wahalar ba komai." Hoton da ya turo ta WhatsApp malamar ta duba shi amma ba ta yi aiki da shi ba, sai da ambulan mai hatimi ya iso.

Makonnin jiran nan sun yi wa yarinyar nauyi. Tana zaune da yara 'yan 14, tana dawowa ba ta son magana. Da takardun suka zo ban tura su ta hannunta ba, na nemi ganawa na kai da kaina, don zuwa da kai ya fi aike. Malamar ta bi su layi-layi da fensir. Ingilishi biyu ta ba ta. Gwajin lissafin ya nuna ta iya Aljabara ta ɗaya, aka ba ta wannan da wani kiredit na lissafin SS1, saura Jiyometiri da Aljabara ta biyu. Darasin Addinin Musulunci da na Aikin Gona suka shiga cikin na zaɓi. Da ta zo kan Hausa ta tsaya ta tambaya ko darasi ne da ake jarrabawa a kansa, na ce har WAEC da NECO, ta rubuta shi a gurbin harshen waje. Ilimin zama ɗan ƙasa na Najeriya bai maye gurbin tarihin Amurka da tsarin gwamnatinta ba, waɗannan dole ta yi su, haka jarrabawar jiha guda biyu. Da aka tara, aka mayar da ita aji 11. Ta sha aiki kafin ta cim ma 'yan ajin, musamman a tarihi, amma a mota ranar ta yi ta kiran kakarta tana ba ta labari.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna cin kuɗi in ba a sani ba. Karatu kyauta ne, sai dai akwai kuɗin kayan aiki na wasu darussa, da na inshorar kwamfutar da ake ba kowane ɗalibi, da na shiga wasanni. Ku cike fom ɗin abincin rana ko kuna ganin ba za ku dace ba. Ana duba kuɗin shigar gida da yawan mutanensa, kuma a Ohayo wanda ya cancanci abinci kyauta ana yafe masa kuɗin kayan darasi. Mu ragi muka samu. Abincin kansa sai da lura, don naman alade yana shiga inda ba a zato, yawanci daga gida take tafiya da nata. Motar makaranta tana zuwa kafin bakwai na safe, a hunturu cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi, don haka rigar sanyi ta gaske tana cikin kayan makaranta.

Maganar addini na ɗauka za ta yi tsauri, sai na tarar doka ta riga mu. Wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, wadda ta yaye yara uku a makarantar, ita ta ce mini, "Malam, kada ka jira Salla ta zo, yanzu ake rubutawa." Dokar da aka sa wa hannu a 2024 ta ba ɗalibi kwana uku a shekara na bukukuwan addini ba tare da an rubuta masa fashi ba, amma sai iyaye sun sanar a rubuce cikin kwanakin makaranta 14 na farko. Na rubuta ranakun, na ƙara da cewa ganin wata zai iya matsar da su da kwana guda. Sallar azahar, malamar harshe ta nema musu wani ɗaki kusa da laburare ita da wasu 'yan mata Somaliyawa. Hijabi a wasanni ma an gama da shi: bayan an soke sakamakon gudun wata yarinya Musulma a yankin Toledo a 2019 saboda ɗankwalinta, jiha ta yi doka a 2022 da ta hana a tsangwami ɗan wasa kan suturar addini.

Hajiyar ce kuma ta matsa mini in riƙa zuwa taro. A daren da ake buɗe wa iyaye makaranta na bi jadawalin 'yata aji-aji, na gaisa da kowane malami, na ba su lambata. Daren Juma'a na kaka kuma garin gaba ɗaya yana filin ƙwallon Amurka, tsofaffin da jikokinsu ma sun gama makarantar suna zaune da barguna, iyaye suna sayar da abinci don tara wa 'yan badujala kuɗi. A nan na gane mutanen nan suna ɗaukar makarantar tasu ce, ba ta gwamnati ba, kuma da dalili. Kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidajensu yake fitowa. Wata doka ta 1976 ta hana harajin da aka amince da shi ya riƙa ƙaruwa in darajar gidaje ta tashi, shi ya sa bayan 'yan shekaru sai hukumar makaranta ta koma wa jama'a neman ƙari ta hanyar ƙuri'a. Ana auna shi da abin da suke kira mil, kuma mil ɗaya dala 35 ne a shekara a kan gidan da ya kai dala 100,000. Kotun Ƙolin Ohayo ta ce tun 1997 tsarin ya saɓa wa kundin mulkin jiha saboda yana fifita yaran unguwannin masu hali, kuma ni ma ina ganin rashin adalcinsa duk lokacin da na wuce makarantun tsohuwar unguwata, amma har yau harajin gida yana da babban tasiri.

Na halarci zaman hukumar da aka tattauna irin wannan ƙari. Wani dattijo ya miƙe ya ce fanshonsa ba ya ƙaruwa amma harajinsa kullum sama yake yi, kuma gaskiya ya faɗa. Ma'ajin gunduma ya karanto abin da za a yanke in ƙuri'ar ta faɗi, ciki har da motar 'yan sakandare, domin dokar jiha yaran da ke aji 8 zuwa ƙasa kaɗai ta wajabta a ɗauka. Ni da nake fita aiki kafin asuba, uwargida ba ta fara tuƙi ba, wannan magana a kaina take. Ba ni da ƙuri'a, kuma mai katin zama kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe ko da an miƙo masa fom, laifi ne da zai iya jawo kora. Amma zaman a buɗe yake ga duk mazaunin gunduma. Na rubuta sunana, aka ba ni minti uku, na faɗi abin da motar take nufi ga gidaje irin nawa. Bayan an tashi wata mata daga ƙungiyar iyaye ta biyo ni ta ce ba su taɓa samun wani daga cikin 'yan Afirka ta Yamma ba, ko zan taimaka a fassara sanarwarsu. Yanzu ina yi.

Wanda iyalinsa ke hanya, aikin da ya fi muhimmanci a gida ake yin sa, tun makaranta ba ta tafi hutu ba. A karɓo sakamakon kowane zango daga JSS3 zuwa inda yaro ya tsaya, a takarda mai kan makaranta da hatimi, da ma'aunin maki, da adadin darasi a mako, da tsarin aikin lissafi da kimiyya, da sakamakon BECE. 'Yan Nijar su haɗa da na BEPC, su kuma tambayi gunduma ko ita za ta fassara daga Faransanci ko su za su kawo fassara. A sa su a jakar hannu tare da fasfo da takardar allurai. In an ce aji 9 a ganawar farko, a nemi a rubuta abin da ya rage, a kuma nemi a bar maganar a buɗe. Wanda ɗansa ke da ƙoƙari ya tambayi shirin College Credit Plus, wanda ke ba ɗalibin sakandare damar ɗaukar darussan jami'a ba tare da biyan kuɗin karatu ba. Takardar nuna sha'awa ana miƙa ta ne kafin 1 ga Afrilu, kuma makaranta takan kira taron bayani a kai tun cikin hunturu.